Ragna ta Bayan Shinge

Da aka kawo maganar faɗaɗa wurin ajiye motoci a cocin Skogdal, Ardis na cikin waɗanda suka fara ɗaga hannu, wannan kam ba a ɓoye ba. Duk kaka idan aka yi bikin cin kifin gargajiyar Norway da ake kira lutefisk, mutane na tururuwa daga garuruwan kewaye, motoci su cika hanya har bakin gonakin masara, a wuni ana janyo 'yan birni daga taɓo da tarakta. Ga kuma fili nan zaune a banza bayan shingen maƙabarta ta arewa, babu komai a cikinsa sai ciyawa da wani ƙaton dutse. Yayanta Orlin, wanda shi ne shugaban dattawan cocin, ya ce zai kawo motarsa ta haƙa ya ture dutsen, a baje tsakuwa, kowa ya huta. Aka ce madalla, aka koma kan kofi.

Dutsen nan kuwa duk wanda ya tashi a wannan gefe na yammacin Minnesota ya san shi. Dutsen ƙafar kaza muke ce masa, saboda wani zane da aka sassaƙa a gefensa, yatsu uku da ɗan kara a gicciye. An ce wata mata ce a ƙarƙashinsa, cikin mutanen farko da suka zo daga Norway, wadda ta shiga kogi da ƙafarta lokacin da ƙanƙara ta fara narkewa. Faston wancan zamanin ya ce ba za ta kwanta cikin masu bi ba, ba kuma za a kaɗa mata ƙararrawa ba, sai aka binne ta a waje. Sunanta kuwa babu wanda ya sani, ko kuma babu wanda ya faɗa, don mutanenmu gwanaye ne wajen haɗiye magana. Mutum sai ya tsufa yana shan kofi da maƙwabcinsa, hirarsu ba ta taɓa wuce ruwan sama da waken suya ba. Yara dai ana hana su zama a kan dutsen, shi ke nan.

Ardis ta ba saba'in baya, mace ce gajera mai kaurin hannu, kuma tun tana yarinya ba ta iya barin zance a inda aka ajiye shi ba. Da mijinta ya rasu, gidan ya yi mata faɗi, sai ta faɗa binciken asali ka'in da na'in. Ta ɓangaren Gunhild, kakar babansu, abin ya tafi sumul. Gunhild 'yar masu gonar Nesheim ce, babbar gona mai daji da tafki, kuma sunan gonar ne su Orlin ke amsawa har yau. Orlin ya sa aka zana bishiyar dangi aka rataya a falonsa. Har Norway ya je ya ɗauki hoto a ƙofar gidan gonar, ya ɗinko falmaran mai maɓallan azurfa irin ta mutanen kwarin da gonar take, wadda yake cusa tumbinsa a ciki duk ranar sha bakwai ga Mayu, ranar bikin ƙasar Norway, ya yi ta numfashi da ƙyar.

Amma mijin Gunhild, wato Halvor, ya gagari Ardis. Ta bi littattafan coci na kwarin nan ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta har idonta ya fara ruwa, babu wani Halvor Nesheim kafin ya hau jirgin ruwa. Abin da ya bari a duniya, ban da gona da zuri'a, shi ne allon guga na katako mai mariƙi siffar doki, irin wanda matan zamanin da suke murza zanen gado da shi. An kafe shi da ƙusa a bangon ɗakin girkin gidan gado, inda Ardis ke zaune, tun kafin a haife ta.

Wata ranar Laraba tana hira ta bidiyo da Borghild, wata tsohuwa 'yar gidan Nesheim na can Norway da suka saba, sai tsohuwar ta matso da fuskarta har hancinta ya cika allon kwamfutar.

"Ke, matsa gefe in gani. Wancan abin da ke bayanki na wa ne?"

"Allon Gunhild ne. Halvor ya sassaƙa mata."

"Karanto mini shekarar da ke jiki."

Ardis ta karanta. Borghild ta yi ɗan lissafi da yatsu, sai ta kama dariya har da tari.

"Yarinya, a wannan shekarar Gunhild ko kitson kanta ba ta iya ba. Da haƙoran nono a bakinta."

"Ai mun sani," in ji Ardis, ranta ya ɗan sosu, don ba ta son a kira ta yarinya. "Ya sassaƙa tun yana saurayi ne, ya ajiye har ya samu mata."

"Ku Amurkawa kun iya shirme. Wa ya taɓa yin haka? Allon nan mace ɗaya ake yi wa shi. Saurayi ya sassaƙa, ya rataye a ƙofarta ya tafi. In ta shigar da shi ɗaki, an yi aure. In ya kwana a waje, sai ya ɗauki abinsa ya jefa a wuta, don babu macen da za ta karɓi allon wata. Wannan tunda ya ƙetare teku, akwai wadda ta shigar da shi ɗaki, kuma ba Gunhild ɗinmu ba ce. Dubi ma wuyan dokin, ba sassaƙar kwarinmu ba ce, ta mutanen bayan dutse ce. Ciro shi ki duba gefe, dole ya sa alamar gidansu."

Ardis ta ɗauko guduma ta zare ƙusoshin, fenti na zuba mata a ka. A gefen da ya shekara da shekaru yana manne da katakon ƙofa, ga zane nan ɗan ƙarami, yatsu uku da kara a gicciye. Ta zauna a kan kujera ba ta san ta zauna ba. Borghild na ta tambaya daga cikin kwamfuta ko lafiya.

Sauran aikin bai ɗau lokaci ba, tunda an san inda za a duba. Borghild ta kai hoton alamar wurin tsofaffin bayan dutse, suka ce ta wata 'yar bukka ce a gangare da ake kira Myra, inda 'yan ƙodago ke zama su yi wa mai gona aiki a madadin haya. A can ƙasar mutum na amsa sunan gonar da yake zaune ne, in ya tashi ya bar sunan a nan. Ashe Halvor bai zama Nesheim ba sai da ya auri Gunhild a nan Minnesota ya ari sunanta. A littafin cocin bayan dutse ga shi nan, Halvor na Myra, ya auri Ragna, mai tatsar shanu. Ga kuma ɗansu da aka yi wa baftisma kafin su hau jirgi, mai suna Nils, da ranar haihuwar da Ardis ta sani sarai, don ta sha cin kek a ranar. Nils kakansu ne, ita da Orlin.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne da ta tuna Kaka Nils ranar gyaran maƙabarta. Kowa na tura injin yankan ciyawa, shi kuwa sai ya zagaya bayan shinge da ɗan laujensa ya durƙusa yana gyara gindin dutsen a hankali. In an tambaye shi sai ya ce kada dutse ya karya wuƙar inji. Ashe tsohon nan ya sani. Uwarsa yake yi wa shara, ya kuma mutu bai faɗa wa kowa ba. Ardis ta yi kuka a ranar, amma kukan haushi ne ya fi yawa.

Ta samu Orlin a rumfar injuna yana shafa wa motar haƙa gris. Ta ajiye masa allon a kan benci, ta zayyana masa komai. Ya saurara yana goge hannu da tsumma, bai ko taɓa allon ba.

"To, sai me?"

"Sai me? Yaya, kakar babanmu za ka zuba wa tsakuwa mutane su ɗora mata motoci."

"Kakar babanmu Gunhild ce, tana cikin shinge, ga sunanta a kan dutse. Ita ta raini Kaka, ita ta ba mu suna. Ke kin zauna gaban kwamfuta ba aikin fari, wata tsohuwa mai tari ta haɗa miki tatsuniya."

"Ban raina Gunhild ba. Ta riƙe ɗan wata kamar nata, Allah ya saka mata. Amma ba ita ta haife shi ba."

"Kina so in tashi gaban jama'a in ce mu jikokin mai tatsar shanu ne da ta haukace ta faɗa kogi?"

"Kai me kake tatsa shekara arba'in, zakuna?"

Orlin ya jefar da tsumman. "Ardis, akwai abin da ake bari a kwance. Waɗanda suka yi shiru ba wawaye ba ne."

"Falmaranka kake jin tsoro ta zama ta aro. Ai da ma ta matse ka."

Ranar Lahadi bayan sujada ta kai maganar gaban dattawa a ɗakin ƙasa na coci, inda ake shan kofi. Buƙatarta ɗaya ce, a ja shingen arewa ya zagaye dutsen, Ragna ta shigo ciki. Suka yi ta kallon kofunansu kamar a ciki amsar take. Wani ya ce alama dai alama ce, kaza ma na iya yin ta. Wani ya ce shingen nan tun zamanin iyaye yake a wurinsa. Fasto, matashiya mai kirki da ba ta son ɓacin ran kowa, ta ce ko a kafa kwamiti. Can sai Orlin ya gyara murya ya ce don a zauna lafiya, zai ɗauko dutsen ya ajiye shi cikin shinge kusa da ɗakin kayan aiki, sai a yi wurin motocin yadda aka tsara. Fuskoki suka saki, har an fara miƙa faranti.

"Dutsen ne ya haifi kakana?" in ji Ardis. "Za ku shigo da dutse ku bar ƙasusuwanta ƙarƙashin taya. Wancan fasto ya kore ta sau ɗaya, ku kuna so ku kore ta na biyu, har ku ƙwace mata alama."

Verna, shugabar zumuntar mata, wadda suka yi makaranta tare, ta ja ta da riga tana raɗa. "Haba Ardis, zauna mana, mutane na kallo."

"Su kalla. Kallon ma ai ci gaba ne, da ko shi ba su yi."

Aka ɗaga hannu, ita kaɗai ta tsaya a gefenta. Aka ce gobe Litinin za a fara aiki, tunda bikin kifi ya ƙarato. Ardis ta wanke kofinta ta kife, ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba, wanda a wurinmu ya fi zagi.

Da safe Orlin ya iso da motar haƙa tana gurnani, ya tarar da ita zaune daram a kan dutsen da aka hana su zama tun suna yara. Ta sa rigar sanyin marigayi mijinta, ga butar kofi a gefe, ga allon guga a cinya. Ya matso da cokalin motar har inuwarsa ta rufe ta. Ba ta ko ɗaga kai ba, sai ma ta tsiyaya kofi. Ya rage ƙarar injin ya sauko.

"Tashi, Ardis."

"Ka ɗauke mu tare. Ai ka ce kusa da ɗakin kayan aiki akwai wuri."

"Kina ba ni kunya. Gari duk zai ji."

"Abin da nake so ke nan."

"Matar nan ita ta zaɓa wa kanta. Ta bar jinjiri a ɗaki ta tafi kogi. Wanda ya yi haka ya san inda zai kwanta, doka ce ta lokacin, ba ni na kafa ta ba."

Ardis ta ajiye kofin a kan ciyawa. Akwai maganar da ta kwana tana roƙon Allah kada a kai ta ga faɗinta, ga shi yayanta ya kawo ta bakin da kansa. Orlin yana da ɗa guda, Dale, yaro mai shiru da ya fi kowa son ta cikin dangi. Shekarun baya aka same shi a rumbun ciyawa da bindigar farauta. Aka ce tana hannunsa yana gogewa ta tashi, fasto ya faɗi haka, jarida ta buga haka, kowa ya gyaɗa kai. Ardis ce ta fara shiga rumbun a ranar, kuma ta ga babu tsumma babu man goge bindiga a wurin. Ba ta taɓa faɗa ba, Orlin ma bai taɓa tambayarta abin da ta gani ba.

"Yaya," ta ce, ba ta sauke ido ba, "da a zamanin wancan faston ne, a wane gefen shingen nan za ka sa Dale?"

Fuskar Orlin ta yi fari fat. Ya ɗaga hannu kamar zai nuna ta, hannun ya tsaya a iska.

"Mun kaɗa masa ƙararrawa," in ji ta. "Mun sa shi kusa da Mama. Duk wanda ya ce a fitar da shi waje, da haƙorana zan yage shi, ka san haka. Yaro ne da duhu ya rufe, ba mugu ba. Ita ma yarinya ce. An ɗauko ta daga cikin duwatsunsu aka jefa ta a ɗakin da aka haƙa cikin ƙasa tsakiyar fili, hunturu guda ba ta ga mace 'yar uwarta ba. Namu ne su biyun. Ba zan riƙe ɗaya in yar da ɗaya ba."

"Kada ki ƙara kiran sunansa," in ji Orlin a hankali. "Kada ki ƙara yi mini magana ma."

Ya juya, bai koma motar ba. Ya bi ta ƙaramar ƙofar shinge ya shiga maƙabarta, ya tsaya can wajen kabarin ɗansa ya ba ta baya, hula a hannu. Ardis ta san ta yanke shi inda ba ya warkewa, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ba ta da wani ɗan uwa sai shi. Amma ba ta yi nadama ba.

Ta jingina allon guga a jikin dutsen, ta nufi coci. Mabuɗin na ƙarƙashin tukunyar fure inda yake kullum. A wurinmu in an yi rasuwa, ana kaɗa ƙararrawa sau ɗaya a kan kowace shekara ta mamacin, mutane su tsaya a gonakinsu suna ƙirgawa su gane ko wane ne. Dattawa ne kaɗai ke ba da izinin taɓa igiyar. Ardis ta tofa yawu a tafin hannu ta kama ta. Da farko ƙararrawar ta ƙi, sai da ta rataya nauyinta duka sannan ta amsa. Ta ja, ta huta, ta ja, kafaɗunta na zafi kamar an zuba barkono, har ta cika shekarun Ragna ashirin da huɗu.

Tana tsaye tana haki sai ta ji injin motar haƙa ya ɗaga murya. Ta ce a ranta shi ke nan, ta tashi daga kan dutsen ya samu dama. Ta fito da gudu iya gudun tsohuwa, ta zagaya bayan coci.

Dutsen na nan inda yake, allon na jingine da shi. Orlin ya ɗaura sarƙa a turken kusurwar shinge, cokalin motar na ɗagawa a hankali, tsohon turken na fitowa daga ƙasa da saiwoyin ciyawa a jikinsa. Ya kwantar da shi gefe, ya sauko ya kwance sarƙar, ya ja ta zuwa turke na gaba. Ya wuce ta gaban ƙanwarsa bai dube ta ba, idanunsa jajur. Ita kuma ta sunkuya ta kama wayar shingen tana naɗewa don kada ta harɗe masa ƙafa.

Wayar salularta ta yi ƙara a aljihu. Verna ce, murya duk a ruɗe.

"Ardis, kina kusa da coci? Na ƙirga ashirin da huɗu, jikina duk ya mutu. Ɗan wa ne? Hatsari aka yi?"

Ardis ta maƙale wayar a kafaɗa, hannuwanta na kan wayar shinge.

"Ragna ce, matar Halvor, kakar babanmu. Ta daɗe da rasuwa, yau muka faɗa. Ki gaya wa mata su ɗora kofi su kawo abinci, muna da zaman makoki."